Ƙasar da Ban Ɗebo wa Didam Ba

Tun da na dawo daga ziyarar Ƙasa Mai Tsarki bakina bai huta ba. A kasuwar Kafanchan tambaya, a ƙofar coci tambaya. Ran nan ma a gidan rasuwa wata ta matso kusa da ni kamar za ta fashe da kuka, ashe so take ta ji ko da gaske ne mutum ba ya nitsewa a Tekun Gishiri. Na maimaita labarin har na fara jin kaina ina ƙara abin da bai faru ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, wadda ta sake tambaya in miƙa mata ta karanta da kanta. Na koyar a firamare har na yi ritaya, na san maganar da aka faɗa da safe kafin a tashi makaranta ta haifi 'ya'ya.

Sai dai dole in fara da maigidana Didam, don ba za a gane tafiyar ba sai an san shi. Didam manomin citta ne tun yana saurayi. A Fadan Kaje in ana hirar citta ba a kai ƙarshe ba a ambaci sunansa ba. Da citta ya aure ni, da ita ya rufe mana ɗaki da kwano, da ita yaranmu suka yi karatu. Sai ga cutar nan ta shigo yankinmu. Ganye ya yi rawaya, ka tona ka tarar cittar ta narke kamar kunu, ga wari. Damina biyu a jere haka ta yi mana. Malamin gona ya zo ya duba, ya ce cutar tana zaune a cikin ƙasa, sai an bar gonar ta huta daga citta na wasu shekaru. Didam bai ko raka shi bakin hanya ba.

"Ƙasan babana bai taɓa kwana banza ba," in ji shi. "In na bar shi, me za mu ci? Kuma mutane su ce Didam ya gaji?"

Abin da ya rage mana shi ne aladun da ke bayan gida. Su ne asibitinmu, su ne tsufanmu. Didam ya yanke shawara cewa da zarar na dawo zai kai su duka kasuwar Alhamis, ya sayi sabon iri, ya sake shukawa a gonar nan dai. Ga shi da hawan jini. Na sani sarai in ta ruɓe masa karo na uku, ba citta kaɗai zan rasa ba. Da wannan tsoron na shiga mota.

Yaranmu ne suka haɗa hannu suka biya mini tafiyar, wai ladan ritaya. Ana gobe zan tashi Didam ya shigo da wani ƙunshi cikin leda. Hannun citta ne guda daga gonar, rabinsa ya fara laushi. Ya ce in kai shi a yi masa addu'a a can, sannan in ɗebo masa ƙasar wurin, ko cikin gwangwanin madara ne, ya barbaɗa kafin shuka. Ban yi masa gardama ba. Gaskiya ma ni kaina rabin zuciyata ta yarda da maganar. Na naɗe ƙunshin cikin zanen zumuntar matan coci na tura ƙasan akwati.

Daga Kafanchan muka bi ta Kwoi muka faɗa Keffi, sai Abuja, inda aka tara mu aka yi ta mana huɗuba kada kowa ya gudu in an isa. Na dubi tsofaffin da ke kewaye da ni, wasu da sanda, na ce gudun ina kuma. A nan aka haɗa ni ɗaki da Rifkatu, wata gwauruwa daga Madakiya, mace mai murya kamar ƙararrawar makaranta. Akwatinta rabi kaya ne, rabi gari da yaji da daddawa. Ta ce ba a haife ta don ta mutu da yunwa a ƙasar mutane ba. Shugaban rukuninmu kuwa Rabaran Bitrus ne, mutum mai sanyi, wanda ya yi karatun Ibrananci a makarantar tauhidi, yana kuma ɗokin ranar da zai gwada shi a bakin masu shi.

Da jirgi ya ɗaga, Rifkatu ta damƙe hannuna ta tayar da waƙa, mata suka amsa, ma'aikatan jirgin suka rasa yadda za su yi da mu. Shatin farcenta bai bar hannuna ba sai da muka yi kwanaki a can. A ƙasar Urdun muka sauka, muka kwana, da safe bas ta ɗauke mu muka yi ta gangara har kunnuwana suka toshe. Can direba ya rage gudu a kan wata gajeriyar gada, aka ce ga Kogin Urdun. Kowa ya miƙe ya leƙa.

"Malama," Rifkatu ta ce mini, "wannan ne ruwan? Ai ruwan Matsirga na garinmu ya fi shi ko da rani."

Rabaran ya ce ba girman ruwa ake dubawa ba. Ta ce ta ji, amma dai a bar ta ta faɗi abin da idonta ya gani.

A bakin iyaka ne na jawo wa jama'a jira. Wata yarinya cikin kayan aiki, ba ta wuce sa'ar autata ba, ta karɓi fasfo ɗina, ta dube ni cikin ido ta tambaye ni da Turanci ko akwai wanda ya ba ni wani abu in riƙo masa. An gargaɗe mu tun a Abuja cewa a amsa da gaskiya. Ni kuma na sha dukan yara a kan ƙarya, ba a bakin Ƙasa Mai Tsarki zan fara ba. Na ce e, mijina ya ba ni ƙunshi. Kafin in rufe baki an ja akwatina gefe, an kira wasu mutum biyu, an ce kowa ya ja baya. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, haka ake cewa, amma tsoron da ya kama ni bai san wannan karin maganar ba.

Da safar hannu suka warware zanen. Ledar tana buɗewa wari ya tashi, don cittar ta sha zafin hanya. Yarinyar ta toshe hanci tana ƙoƙarin ɓoye dariya. Aka kira wani dattijo mai kula da shigowar tsirrai. Ya yanka cittar, ya duba cikinta, ya tambaye ni daga ina. Na ba shi labari duka, har da na aladu, don in tsoro ya kama ni ba na iya taƙaita magana. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya ce, "Mama, ba za ta shiga ba. In wannan ta taɓa gonar wani a nan, shi ma zai yi kukan da mijinki yake yi." Ya sa aka wanke ƙasan takalmana da wani ruwan magani, ya kuma ba ni haƙuri sau biyu. Ban taɓa ganin an ƙwace wa mutum kaya da irin wannan ladabi ba.

Na roƙe shi alfarma ɗaya, a bar mu mu yi mata addu'a kafin a jefar. Ya ɗaga kafaɗa ya ce mu yi. Haka Rabaran Bitrus ya cire hula, muka kewaye kwandon shara, ya yi addu'a a kan cittar Didam, sojoji suna kallo. Da muka koma bas ina ta share hawaye, Rifkatu ta ce in daina, ai mun riga mun haye gada, saboda haka ko kwandon ma mai tsarki ne.

A wani otel kusa da Tekun Galili aka sauke mu. Jagoranmu sunansa Yusuf, Balarabe ne Kirista daga Nazarat, abin da ya ɗaure wa da yawa cikinmu kai, don a tunaninmu Balarabe da coci ba sa haɗuwa. Ya ce kakanninsa suna zuwa sujada tun kafin bishara ta san hanyar ƙasarmu. Ba wanda ya sake tambayarsa.

Abinci kuwa, Allah ya ba su, amma ba su san wuta ba. Da sassafe za ka tarar da tebur cike da ɗanyen tumatir, ɗanyen ganye, cuku iri-iri, kifi mai sanyi, da 'ya'yan zaitun. Mun taso muna jin sunan zaitun a coci, na ɗauka zai yi zaƙi kamar dabino. Na jefa guda a baki, na rasa inda zan tofar. Burodinsu dai ba a magana, da wani abu mai laushi da suke yi da wake da riɗi, wanda na ci har na ji kunya. Rifkatu tana tafe da yajinta cikin jaka, tana barbaɗa wa komai, har kankana. Wata rana bayan mun ci nama ta nemi madara a shayi, aka ce babu, don su ba sa haɗa nama da madara a zama ɗaya, ko tukwanensu dabam-dabam ne. Ta ce to su da Fulani ba za su yi zaman gari ɗaya ba.

Rabaran ya samu ranarsa. Ya tare wani ma'aikacin otel ya jero masa Ibrananci, mutumin ya tsaya da baki buɗe, sannan ya kira abokansa su zo su ji. Yusuf ya ce abin da Rabaran ya faɗa daidai ne, sai dai ya yi kama da annabi ya sauko daga dutse yana tambayar ina bayan gida. Rabaran ya fi kowa dariya. Amma na lura tun daga ranar suna gaishe shi da girmamawa, suna kawo masa kalmomi ya faɗa musu inda suke a Tsohon Alkawari.

Ranar Asabar kuma na ga abin da ban taɓa gani ba. Gari ya yi shiru tun yammacin Juma'a. Muka shiga lifta za mu hau ɗakinmu, sai ta riƙa tsayawa a kowane hawa tana buɗewa, ba mai shiga ba mai fita. Rifkatu ta danna, ta buga, ta tsawata mata da sunan Yesu. Ashe da gangan aka saita ta, don mai kiyaye ranar hutu kada ya danna komai. Mu da muke fita daga coci mu wuce kai tsaye gona mu ɗan duba, abin ya ba ni dariya da farko, daga baya ya ba ni kunya. Mutanen nan in sun ce hutu, hutu suke nufi.

Mun ga wurare, kuma duk wanda ya je ya ba ku labarinsu fiye da yadda zan iya. Ni abin da ya tsaya mini shi ne wata gona da aka kai mu a kwarin Urdun, wai mu ga yadda suke ban ruwa da siraran tiyo masu ɗiga a gindin kowace shuka. Tun a bas na tanadi gwangwanina cikin jaka. Na ce yau saƙon Didam zai cika, ko da rabi ne.

Mai gonar wani tsoho ne gajere, baƙi-baƙi, mai suna Zakariya, da ƙaramar hula a tsakar kai. Iyayensa daga Yaman suka zo. Matarsa Mazal ta fito mana da gahawa a ƙananan kofuna. Ina kai kofin hanci na ji citta, irin mai zafin nan da ke kama maƙogwaro. Na ce wa Yusuf ya gaya musu wannan tamu ce, ta Kudancin Kaduna. Mazal ta ce ita dai a shago take saya. Na ce ko a ina ta saya, na san 'yar gida in na ji ta. Ba ni da shaida, amma har gobe ban janye ba.

A jikin wani babban rumbun ƙarfe akwai rubutu da harufansu. Rabaran ya tsaya yana haɗa su da yatsa a iska, sai ya ce da ƙarfi, "Tebu'a!" Zakariya ya juyo da murna kamar an kira sunan ɗansa. Muka ce Rabaran ya fassara mana. Ya ce kalma ce da ta cika Tsohon Alkawari, mun sha karanta ta ba mu sani ba, don a namu na Hausa wani wuri an ce amfanin gona, wani wuri riba, wani wuri albarka. Tushenta daga kalmar zuwa ne, ko shigowa. Wato abin da ya shigo wa mutum daga ƙasa. Hatsin masussuka tebu'a ne, abin da ya fito daga wurin matse inabi ma haka. Daga cikinta ake fitar da zakka da nunan fari. An ce ƙarfin bijimi ne ke kawo ta da yawa. Har ma an ari kalmar an ba hikima, an ce abin da take kawowa ya fi azurfa, an kuma ce bakin mutum yana da tasa tebu'ar da zai ci ya ƙoshi, mai daɗi ko mai ɗaci.

"To ni nawa bakin ya cika rumbu," in ji Rifkatu.

Yusuf ya juya wa Zakariya abin da aka ce. Tsohon ya gyaɗa kai, ya ce yau a bakinsu an fi kiran alkama da sha'ir da wannan suna, amma mahaifinsa yakan ce kalmar tana tuna wa manomi matsayinsa. Kai ka yi huɗa, ka shuka, ka yi ban ruwa, amma ita zuwa take yi, kamar baƙo. Ana share wa baƙo ɗaki, ba a jawo shi da igiya. Na tuna yadda mazanmu suke magana bayan girbi, kowa sai ya ce na noma kaza, na fitar da kaza. Ban taɓa jin wani ya ce ga abin da ya shigo mini ba.

Sai Rabaran ya tambayi Zakariya game da shekara ta bakwai, wadda dokar Tsohon Alkawari ta ce a bar ƙasa ta huta. Rabaran ya ce a wurin nan ma kalmar ta fito, inda mutane suke tambaya me za su ci tunda ba za su shuka ba, ba za su tara tebu'arsu ba. Tambayar Didam ce, ba ƙari ba ragi, ashe an riga shi yin ta tun zamanin da.

Zakariya ya yi dariya ya ce zai faɗa mana gaskiya tunda mun zo daga nesa. Manoma da yawa a can, in shekarar ta zo, sayar da gonar suke yi a takarda ga wanda ba Bayahude ba, su ci gaba da aikinsu, shekara ta ƙare a mayar musu. Malamansu ne ma suke tsara abin. Muka kwashe da dariya, wani dattijo daga Kajuru ya ce ashe wayo ba a Najeriya aka haife shi ba. Zakariya ya ce shi ma haka ya yi ta yi yawancin rayuwarsa, kuma ba ya zagin mai yi, don ciki ba ya jin wa'azi. Amma da shekarar hutu ta ƙarshe ta zo, ya ce ya tsufa, yana so ya ɗanɗana abin sau ɗaya kafin ya mutu. Bai shuka alkama ba. Ya cire ƙyauren gonar mangwaronsa ya jingine, duk mai so ya shiga ya tsinka, don a shekarar nan abin da itace ya bayar ba nasa ba ne. Shi ma in yana so sai ya tsinki na ci kamar kowa.

Rifkatu ta tambaya ko shekarar da ta gabace ta an yi masa girbi ninki uku kamar yadda Littafi ya yi alkawari. Ya ce a'a, girbi ne irin na kullum, tsuntsaye ma sun ci rabonsu. Sun ci tsohon abin da suka ajiye, 'yan'uwa masu tallafa wa irinsa sun taimaka, ɗansa ma ya taimaka. "Mun ci," in ji shi, "ba mu dai yi ƙiba ba." Wannan amsar ce ta sa na yarda da mutumin. Da ya ce mini an yi ruwan alkama daga sama, da na ce irin shaidar nan ce da muke ji a taron farkawa.

Da jama'a suka wuce kallon tiyo, na tsaya baya na fito da gwangwanina. Na roƙi Yusuf ya gaya wa tsohon abin da ke tafe da ni. Zakariya ya durƙusa da ƙyar, ya ɗebo ƙasa cike da hannu ya zuba a nawa. Ya ce in ina so in ɗauka, amma za a karɓe a hanya, kuma ko ba a karɓe ba, wannan ma tana da nata ciwon. Ya tumɓuke wata shuka ya nuna mini saiwarta duk ƙulle-ƙulle, ya ce shekara da shekaru yana fama da tsutsar da ido ba ya gani. "Ƙasa ce kawai, 'yar'uwa," ya ce. "Tana gajiya kamar taku." Na tsaya da ƙasar a tafin hannuna, ja-ja, ba ta ko kai tamu kyau ba. Na buɗe yatsuna ta zube. Na yi kuka sosai, don a lokacin na san ba ni da abin da zan kai wa mijina.

Mazal ce ta ja ni zuwa inuwa, ta yafito Yusuf ya zo ya yi mana tafinta, shi kuwa yana ta sunkuyar da kai don maganar mata ce. Ta ce kada in bari tsohon nan ya ruɗe ni da daɗin baki. Shekarar nan saura kaɗan ya haukata ta. Da asuba zai tashi ya sa takalmin aiki, ya tsaya a ƙofa yana jin tarakta a gonar maƙwabta, ya dawo ya zauna, ya tashi ya leƙa tukunyarta, ya ce gishiri ya yi yawa. Maƙwabta suna wucewa suna tambayarsa ko ya zama malami ne. Sai da ta kore shi ya je ya riƙa taya wasu sababbin zuwa gyaran gidajensu, sannan aka samu lafiya. Ta kama hannuna ta ce, "Ƙasa ba ta da wuyar hutawa, ki bar ta kawai. Namijin ne aikin. Kada ki ce masa ya zauna. Nemo masa inda zai sa hannunsa." Mace da mace, ko ba harshe ɗaya, mun gane juna. Ta cusa mini garin gahawarta cikin jaka, na ba ta ɗankwalina na zumunta.

Daga nan muka hau Urushalima. Na yi addu'a a duk inda aka ce a yi, na sayi man zaitun na rabo, na kuma shiga Tekun Gishiri, kuma e, ba a nitsewa, sai dai kada mai ƙaiƙayi ya gwada. Amma duk inda na durƙusa maganar Mazal nake juyawa. A jirgin dawowa na tambayi Rifkatu wa yake yi mata huɗa tun da mijinta ya rasu. Ta ce wa kuwa, ita da 'yan matanta ne suke kwakular abin da suka iya, rabin gonar ma ciyawa ta cinye.

An tarbe mu a Kafanchan da kiɗa da guɗa, aka laƙaba mini Mama JP, laƙabin wanda ya taka Urushalima. Gida ya cika, kowa da 'yar kwalbarsa ta karɓar mai. Didam yana gefe cikin rigarsa ta zuwa coci, yana murmushi, idonsa a kan akwatina. Da mutane suka ragu ya biyo ni ɗaki.

"Maman Luka, ina saƙona?"

Na ce ya zauna. Na gaya masa komai, tun daga kwandon shara har zuwa ƙasar da na zubar da hannuna. Ban yi masa wa'azi ba, ban ce ga abin da zai yi ba. Na ba shi labarin Zakariya kamar yadda na ba ku. Ya tashi ya fita, kwana da kwanaki gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Na ji ya aika wa mai a-kori-kura ya zo ran Alhamis. Raina ya ɓaci, amma na kame bakina, abin da duk wanda ya san ni zai ce shi ne babban abin al'ajabin tafiyar.

Ran Laraba da yamma ina tankaɗen acca ya zo ya tsaya a kaina.

"Wannan Bayahuden naki. Shekaran da bai yi noma ba, mutane sun yi mishi dariya?"

Na ce sun yi.

"Ya mutu?"

Na ce da ƙafarsa ya zagaya da mu gonar, ya ma fi shi tumbi.

Da safe mota ta zo har bayan gida. Didam ya shiga wurin aladun ya daɗe, ina jin su suna ta gurnani. Ni kuwa ina bakin murhu, wutar ma na kasa hurawa. Can ya fito hannu wofi ya ce wa direban ya yi haƙuri ya tafi. Direban ya ce ko sai mako mai zuwa. Didam ya ce ba bana ba. Da ƙarar motar ta yi nisa ya juyo ya miƙo mini tafukansa biyu.

"To, Mama JP, kin kashe mini aiki. Me zan yi da waɗannan?"

Na ce ni ban sani ba, amma na ji matan zumunta za su je gayya gonar Rifkatu a Madakiya, za su yi mata huɗar masara, ga wasu gwauraye biyu a layi bayanta. Ya ce mata ba su iya ɗaga kunyoyi ba, ruwan farko zai share. Na ce haka dai za su yi, tunda ba mai nuna musu.

Ranar gayyar tun kafin in gama ɗaura zane ya saɓa garma. Hanyar zuwa bakin titi ta gefen gonarmu take bi. Ruwan farko ya sauka, ciyawa ta fara rufe ta, kore shar, ga gonakin mutane hagu da dama duk an yi huɗa. Na so mu wuce da sauri, amma Kambai, maƙwabcinmu a gona kuma abokin gasarsa tun suna samari, ya hango mu. Ya dogara da garmarsa ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Didam! Gonan ya gagare ka ne?"

Mutane suka ɗago kai. Na ji kamar in nutse. Didam ya tsaya, ya dubi gonar, sannan ya amsa da muryar da ta fi ta Kambai.

"Bai gagare ni ba. Hutu na ba shi. Tun ina saurayi yake ciyar da ni, ban taɓa ce mishi sannu ba."